Haske a Kaikaice

Daga ɗan haya zuwa ga mai gidan

Assalamu alaikum, Sista.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki da jikokinki da ke nesa.

Na daɗe ina auna ko ya dace in rubuto wannan takarda. Na yanke shawarar rubutawa ne saboda abin da zan faɗa ba ya cikin abubuwan da ake tsayar da mutum a bakin famfo a gaya masa.

Tun da na kama haya a sashen gidanki bayan rasuwar matata, ban taɓa duban bangon falona da kyau ba sai a makon jiya, da aka canza mini gilashin ido. Da la'asar sakaliya rana tana shigowa ta tagar yamma. Ba ta fuskantar bangon kai tsaye, gefensa take bi, a kaikaice. A wannan lokacin ne kawai bangon da na ɗauka sumul yake ya bayyana da tudu da kwari. Duk inda birkila ya ja cokalinsa akwai ɗan tudu mai haske, da siririyar inuwa kwance a bayansa. Ana iya gane inda ya fara da ƙarfinsa, da inda hannunsa ya gaji, da wani wuri kusa da ƙofa inda, a zatona, wani ya kira shi ya waiwaya. Ƙarafan taga kuma suna shimfiɗa nasu layukan a kai, har bangon ya koma kamar bargo mai kaurin saƙa.

Na shafe rayuwata ina aiki a ɗakin karatu na jami'a, a ƙarƙashin dogayen fitilu masu zubo haske daga sama su daidaita komai. Ban san akwai irin wannan a inda nake kwana ba. Na ga bai kamata mai gida ta zauna ba ta san abin da ke jikin bangonta ba. Idan wata rana kin sami sarari a daidai wannan lokaci, zan bar ƙofar a buɗe.

Ki huta lafiya. Wassalam.

Ɗan hayarki.

Daga Sista zuwa ga ɗan haya

Wa alaikumus salam, Malam. Lafiya lau, mun gode Allah.

Na tsinci takardarka a ƙarƙashin ƙofa, na ɗauka sammaci ne.

Jiya da la'asar na leƙa ta tagarka kafin ka dawo. Gaskiyarka, bangon nan kamar jikin yaro mai ƙyanda. Ban san haka wancan birkilan ya cuce ni ba. Ni da na yi ritaya daga aikin jinya, a ce a gidana ake da bangon da ƙura za ta sami wurin kwanciya? Ka yi haƙuri da duk tsawon lokacin da ka yi kana kallon wannan abu ba ka ce uffan ba.

Sabon birkila zai zo ranar Litinin. Ka janye littattafanka daga jikin bango, ka rufe su da zani.

Kuma Malam, tsakanin ƙofarka da tawa ko tari ka yi ina ji. Nan gaba in abu ya lalace ka ƙwala kira kawai, ka huta da ɓarnar tawada.

Sai anjima.

Sista.

Daga ɗan haya zuwa ga yayarsa

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da yara. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Kin tambaye ni inda aka kwana a kan maganar da muka yi lokacin da kika zo. Amsa ita ce na ɗauki matakin farko, sai dai sakamakonsa bai zo daidai da abin da na yi tsammani ba.

Na rubuta wa Sista game da hasken la'asar a bangon falona. Manufata ita ce ta zo ta gani, mu tsaya muna kallon abu ɗaya, daga nan magana ta sami ƙofar shiga. Ranar Litinin sai ga birkila da buhunan siminti. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa ba ni da wani ƙorafi a kan tsohon shafen.

Ya ce, "Baba, duk haka kuke cewa, ku masu kawaici. Ka bar min kawai. In na gama, ko ƙuda ne ya sauka sai ya zame."

Na ce masa akwai wani wuri kusa da ƙofa da nake roƙon a bari yadda yake.

Ya duba, ya ce, "Nan? Ai nan ne ma ya fi muni." Da nan ya fara.

Ya cika alkawarinsa. Bayan shi mai fenti ya zo ya shafa fari mai sheƙi, irin na ɗakin tiyata, wanda Sista ta zaɓa da kanta. Yanzu rana tana shigowa da la'asar, ta bi bangon daga farko har ƙarshe ba ta sami abin kamawa ba, sai ta dawo cikin idona.

Na yi kwanaki ina tari saboda ƙurar siminti. Sista ta kawo mini maganin tari da hannunta, tare da umarnin yadda zan sha. Na ɗauki wannan a matsayin alama mai kyau, ko da yake ina sane cewa haka take yi wa maigadin layinmu ma.

Allah ya ƙara lafiya. Wassalam.

Ƙaninki.

Daga Yaya zuwa ga ƙaninta

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta.

Na karanta wasiƙarka, na ɗauka idona ne, na miƙa wa maigidana ya karanta min. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Auta, furfura ta cika maka kai, takardun digiri sun cika maka akwati, an ce ka je ka nemi auren mata, kai kuma ka je ka kai ƙarar bango?

Tun kana yaro haka kake. In yunwa ta kama ka ba za ka ce a ba ka abinci ba, sai ka tsaya a ƙofar kicin kana yabon yadda hayaƙi ke tashi, har a cinye a wanke tukunya.

To ka buɗe kunne. Na haɗu da Sista a asibiti ranar awon hawan jini, layi ɗaya muka bi. 'Yarta ta share mata ɗaki, ta matsa mata lamba ta tattara ta koma wurinta kafin ƙarshen watan gobe, ta bar gidan a hannun wakili. Na ce mata, ke kuwa da gidanki me zai kai ki zaman gidan suruki? Ta ce, to me ya riƙe ni a nan, in ban da bishiya ɗaya da ɗan haya mai gaishe ni kamar yana karanta labaran rediyo?

Ka dai ji. In ta tafi sai ka zauna kai da farin bangonka ku yi ta kallon juna.

Ka buɗe baki ka faɗa mata. Kalmar ba ta da tsawo, aure, ko jikana mai koyon magana ya iya ta.

Yayarka.

Daga ɗan haya zuwa ga Sista

Assalamu alaikum, Sista.

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da maganin tari, wanda ya yi aiki kamar yadda kika ce.

Wajibi ne in fara da gyara. Takardata ta farko ba ƙorafi ba ce. Laifin rashin fahimtar nawa ne, domin na yi ta tace kalmomina har suka daina nuna inda suka dosa. Ina roƙon kada a ɗauki abin da zai biyo baya a matsayin buƙatar a gyara wani abu.

Da hantsi, kafin in fita aiki, kina zama a ƙarƙashin gwaibar tsakar gida kina yankan kayan miya. Rana tana ratsa ganyen ta sauko ƙasa dabbare-dabbare. Idan iska ta motsa, sai simintin tsakar gidan gaba ɗaya ya riƙa kaɗawa kamar ruwa mara zurfi. Farin zanin gadon da ke kan igiya yana ɗaukar inuwar rassan, ya zama atamfa na ɗan lokaci, sannan ya koma fari. Ko tsohon bokitin ƙarfen da ke gindin famfo, duk lotsewar da ya yi tana riƙe da ɗigon haskenta.

Wannan hasken yana sauka a fuskarki ma, ta gefen hagu. Na lura cewa yana fito da layukan da ke gefen idonki, da waɗanda suka gangaro daga hanci zuwa baki, kowanne da 'yar inuwarsa. Da tsakar rana ba a ganinsu sosai. Da hantsi kuwa ana iya ƙirga su. Ban taɓa ganin fuskar da haske ya sami aikin yi a kanta kamar taki ba.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ji labarin tafiya. Abin da nake fata, idan babu takura, kuma bayan kin yi nazari gwargwadon yadda kika ga ya dace, shi ne ni da ke mu zauna a inuwa ɗaya.

Na yi imani na fito fili a wannan karon.

Tare da dukan girmamawa. Wassalam.

Ɗan hayarki.

Daga Sista zuwa ga ɗan haya

Malam, salamu alaikum. Lafiya ƙalau.

Ka fito fili kam. Da bango ne, yanzu an iso kan fuskata. Na tambayi birkila, ya ce shi ba ya irin wannan aikin. Tamojin nan da kake ƙirgawa a gaban gadon marasa lafiya na samo su, ina ɗaga wannan ina juya wancan, lokacin da kai kake kaɗe ƙurar littattafai. Gilashin nan naka ka mayar wa wanda ya yanka maka, ka ce ya rage masa ƙarfi.

Maganar inuwa kuma, ban san kana sha'awar wurin ba, da tuni na tashi. Ba sai mun matsu mu biyu ba, na bar maka ita gaba ɗaya. Kafinta zai kawo maka benci gobe. Ni na mayar da kujerata bayan kicin, inda babu mai leƙen fuskar mutane.

Sai dai ka yi saurin more ta. 'Yata ta ce in ban sare gwaibar kafin in tafi ba, ganye zai toshe magudanar ruwa babu mai sharewa. Mai saran itace zai zo Asabar mai zuwa da hantsi.

Ka ci gaba da shan maganin har ya ƙare, kada ka ce ka ji sauƙi ka ajiye.

Sista.

Daga ɗan haya zuwa ga yayarsa

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Na bi shawararki gwargwadon iyawata. Ga kwafin abin da na rubuta da amsar da na samu, domin ki yi hukunci da adalci.

Bencin ya iso. Benci ne mai kyau, wanda zai ɗauki mutum biyu ba tare da matsi ba. Ina zama a gefe ɗaya da hantsi, saboda ƙin zama zai yi kama da rashin godiya. Daga bayan kicin ina jin ƙarar wuƙarta a kan katako, kuma a ganina ta fi ƙarfi fiye da yadda kayan miya ke buƙata.

Ina so in kare kaina a kan abu ɗaya. Kin ce in faɗa kai tsaye. Amma abin da na koya daga tsohon bangon shi ne, hasken da ya zo kai tsaye ba ya nuna komai, shafewa yake yi. Wanda ya zo a kaikaice shi ke fito da ainihin abu. Na ɗauka magana ma haka take. Batun zama a inuwa ɗaya kuwa, kowane babba ya san abin da ake nufi da shi. Na duba ƙamus a wurin aiki don in tabbatar, kuma yana tare da ni.

Wassalam.

Ƙaninki.

Daga Yaya zuwa ga ƙaninta

Auta, salamu alaikum.

Kai ba rana ba ne. To ka auri ƙamus ɗin mana, tunda yana tare da kai.

Wallahi da ni ka rubuta wa cewa ana iya ƙirga layukan fuskata, da a tsakiyar kanka kafinta zai sauke bencin nan. Na aika wa Sista saƙo ina ba ta haƙuri, na ce haka aka haife ka.

Ranar Asabar in ka bari gatari ya taɓa bishiyar nan ba ka yi magana ba, kada ka ƙara rubuto min.

Yayarka.

Daga Sista zuwa ga yayar ɗan haya

Salamu alaikum, Yaya. Bari ni ma in ce Yaya, tunda haka na ji ana kiranki. Ya gwiwa? Ki riƙa ɗora ta a kan matashi, ki rage hawa bene.

Na ga saƙonki. Ki kwantar da hankalinki, na san abin da ake nufi da inuwa ɗaya tun kafin ƙaninki ya shiga jami'a. Takardar bango kam da gaske ban gane ba, na sa an shafe wa bawan Allah abin kallonsa, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Amma ta biyu na gane ta tun daga "idan babu takura". A tsaye na fara karanta ta, sai da na nemi wuri na zauna. Maganar fuska kuma na yi fushina na gama, washegari da ya fita aiki na ɗauki madubi na je ƙarƙashin bishiyar na duba. Kada ki gaya masa.

Amma Yaya, mu a asibiti in mutum ya zo yana ta kwana-kwana ya ƙi faɗin inda ke masa ciwo, danna wurin muke yi har sai ya yi ƙara. Ni ba zan kira 'yata in ce na fasa zuwa saboda wani ya ce inuwa ba. Cewa za ta yi, Mama, wace inuwa? In ce mata ta gwaiba? Marigayi mijina ma haka na yi ta fama da shi, ya yi shiru ni in fassara. Na gaji da aikin tafinta.

Maganar tafiya gaskiya ce, akwatunana suna falo a buɗe. Mai saran ma da gaske zai zo. Gwaibar nan da hannuna na dasa ta, ba na son ko ganyenta a taɓa. In ya yi magana, to. In bai yi ba, ni da ita duk mun tafi.

Ki gaida gida.

Sista.

Daga ɗan haya zuwa ga yayarsa

Assalamu alaikum, Yaya. Ki gafarta mini gajeruwar gaisuwa.

Tun ranar Alhamis na shirya jawabi mai gabatarwa da dalilai da kammalawa, na kuma haddace shi. Yau da hantsi mai saran itace ya iso da gatari da igiya, ya tarar da ni a kan benci.

Ya ce, "Baba, a ɗan matsa, kada reshe ya sauka a kan ilimi."

Na ce ba zan matsa ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na tashi na jingina bayana da gindin bishiyar.

Ya ɗaga murya ya ce, "Sista! Ga ɗan hayarki ya manne da itacen. Har da shi zan sare?"

Ta fito daga bayan kicin da wuƙa a hannu ɗaya, rabin albasa a ɗayan. Ta tsaya a tsakiyar rana, inda babu inuwa ko kaɗan, kuma na yi imani da gangan ta zaɓi wurin.

Ta ce, "Malam, lafiya? Ina ke ciwo?"

Na fara jawabin. Na kai daidai "kamar yadda aka sani, shi ɗan Adam", sai mai saran ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya ɗaga gatarin yana auna reshen da ke saman kaina. Sauran jawabin ya ɓace gaba ɗaya, har da kammalawar, wadda ita ce ta fi kyau. Abin da na ji bakina ya faɗa, da ƙarfin da ban taɓa amfani da shi ba ko a kan ɗaliban da ke surutu a ɗakin karatu, shi ne:

"Kada a sare! Kuma aurenki nake so!"

Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga da kumfar wanki a hannu. Mai gyaran babur na bakin layi, kamar yadda aka gaya mini daga baya, ya kashe injinsa don ya ji ko akwai ci gaba.

Mai saran ya sauke gatarin, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "To Sista, ni wanne zan yi, sara ko shaida?"

Ta ce masa, "Je ka gida, zan neme ka." Sai ta juyo gare ni. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce, ta koma ciki.

Har zuwa yanzu da nake rubutu babu amsa. Bishiyar tana tsaye, amma mutumin ya bar igiyarsa rataye a reshe, abin da na fahimta a matsayin bai fid da rai da dawowa ba. Ban sani ba ko na gyara ne ko na ƙarasa ɓatawa. Maƙogwarona yana ciwo.

Ki sa ni a addu'a. Wassalam.

Ƙaninki.

Daga Sista zuwa ga ɗan haya

Malam, salamu alaikum.

Na lura da wanda ka sa a gaba, bishiya sannan ni. Za mu yi wannan maganar nan gaba, muna da lokaci.

Na kira 'yata. Ta yi ihu ta gaji, sannan ta tambaya ko kana da wani ciwo da ya kamata mu sani. Na ce mata akwai, amma an fara samun sauƙi.

Ka gaya wa Yaya ta zo ranar Laraba, ta taho da wanda ya iya magana a danginku, in akwai.

Sista.